Koren Katin Babaji

Babaji taubashina ne, uwata da ubanshi ciki ɗaya suka fito, saboda haka duk abin da zan faɗa a kanshi halalina ne, kada wani ya taso mani da wa'azi. Shi ma in ya samu mai saurarenshi, abin da yake faɗa a kaina ya fi wannan muni. Sunana Yahaya, direba ne ni. Ina da wata tsohuwar mota ƙirar kanta da nake jigilar buhuna da ita daga Babbar Kasuwa zuwa ƙauyuka, in kuma lokacin farauta ya kama, ni ke kai maharban unguwarmu daji, su da karnukansu da warin karnukansu.

A Ƙofar Marusa aka haifi Babaji, a gidan da yake ciki har yau. Ɗakin da aka yanke mashi cibi, yanzu nan matarshi Dije take tara gawayi. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga ƙaton kai wanda ba kowace hula ke shiga ba. Sana'arshi awon hatsi: gero, dawa, masara, wake in ya samu. In ka shiga layin 'yan hatsi ka ji wani yana rantse-rantse da mai saye a kan tozon tiya, to ba shi ba ne. Shi sai ya cika maka tiya ta yi tozo, ya ƙara maka da hannu, sannan ya tsare ka da labarin daji har ka manta abin da ya fito da kai. Matan unguwa sun gane shi, in sun ɗora tukunya ba su biyawa ta rumfarshi.

Farauta gado ya yi. Ubanshi, Kawu Nuhu, maharbi ne na gasken gaske, irin waɗanda in sun ce yau za a ci barewa, to mata su fara jajjage. Da ya rasu ya bar wa Babaji abu biyu, bindigar toka da wuƙa. Bindigar dai, Allah ya sani, ba ta taɓa yarda da shi ba. Zomo ya harba, zabon daji ya harba, fakara ba adadi, wata rana ma ya ɗirka wa kututture harsashi ya rantse ya ga yana motsi. Amma barewa, ko ɗaya. Gada ma ko ɗaya. Wuƙar kuwa, tab! A nan Allah ya ajiye mashi nashi rabon, har sunanshi ya koma Babaji Mai Wuƙa.

Dalilin wannan suna wani mutum ne, Joseph. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan, bututun ruwan layinsu ya fashe, ma'aikatar ruwa ta turo mai gyara, wani dogon Kirista mutumin kudancin Kaduna, mara yawan magana. Ya gama aiki ya shiga zauren Babaji wanke hannu, sai ya ga bindiga a rataye. Ya tsaya yana kallonta kamar ya ga ɗan garinsu. Ashe shi ma a duwatsun garinsu da farauta ya tashi. Kafin hannunshi ya bushe Babaji ya raɗa mashi suna Yusufu, ya kuma gayyace shi fitar Asabar. Wasu daga cikin maharba sun ɗan yi ƙunƙuni da suka gan shi a bayan mota, amma ƙunƙunin bai wuce ranar ba.

Ranar ina nan, da idona na gani. Gada ta fito daga cikin geza a guje, mutum nawa suka harba suka cika daji da hayaƙi, ko gashinta ba su taɓa ba. Joseph ya ɗaga bindiga a tsanake, tau! Ta faɗi. Sai ya tsaya yana murmushi, yana jiran a ce mashi sannu da aiki. Jama'a kuwa ihu suke yi, "Yanka! A yanka!" Ya zaro tashi wuƙar, suka ƙara ihu, "A'a, ba kai ba!" Bawan Allah ya rasa inda zai sa kanshi.

Ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba. In Musulmi ya yi bisimilla ya harbi nama, ko ya mutu kafin a isa, maharbanmu suna ci. In kuwa wanda ba Musulmi ba ne ya harba, sai an same shi da sauran rai Musulmi ya sa mashi wuƙa, in ba haka ba mutanenmu mushe suke ɗaukarshi. Malamai suna da dogon bayani a kan wannan, ni dai abin da aka saba a dajinmu nake faɗa. To, ranar kafin kowa ya gama ihu, sai ga gajeren nan ya wurgar da bindiga ya kwasa a guje, ƙaya na kama mashi riga, ya dira a kan gada, ya juya ta gabas, ya yanka. Ya ɗago yana haki ya ce, "Yusufu, daga yau kai ka riƙa harbi, ni ina bayanka."

Haka kuwa aka yi. Joseph a gaba, Babaji a bayanshi ta hagu, bindiga a rataye a kafaɗa, hannu kusa da kube. Joseph na iya cin namanshi ko an yanka ko ba a yanka ba, ba abin da ya sha mashi kai. Amma ya ce naman da gidan Babaji ba za su ci ba, shi ma bai ga amfanin ɗaukarshi ba. A ƙa'idar maharba, fata da ƙaho da cinya na mai harbi ne, wuya na mai yanka, sauran a raba. Joseph bai taɓa bin wannan ƙa'ida ba sai a gaban mutane. Da an iso gari, matarshi Martha, wadda muke kira Maman Gloria, za ta naɗo cinya guda a ganye ta kawo wa Dije da kanta, su zauna a tsakar gida suna zagin mazajensu tare.

Abu ɗaya ne ba ya rabuwa, shi ne sunan wanda ya harba. Falon Joseph ƙahoni ne jere a bango. Babaji kuwa ya yanka barewa har ya manta yawansu, amma ba ko ɗaya da zai buga ƙirji ya ce tashi ce. Yana dariya in an tsokane shi, ni ma na fi kowa tsokana, amma na san abin yana cin shi. Ɗan Kawu Nuhu guda, a ce ya tsufa bai taɓa kayar da barewa ba! Wata rana muna dawowa, shi kaɗai a gaba kusa da ni, ya ce, "Yahaya, guda ɗaya nake so. Ɗaya tak, in ga ta faɗi da hannuna, sai in rataye bindigar nan." Ban tsokane shi ba ranar, na dai ƙara wa mota wuta.

To, sai ga shekarar bara ta zo da abubuwa a cakuɗe.

Da can, da an gama girbi fita ta kama ke nan, duk Asabar ana daji har ruwa ya sauka. Yanzu daji ya lalace, kowa ya san halin da ake ciki, ba sai na tsaya a nan ba. Aka ce wa ƙungiyarsu fita biyu kawai za su yi a shekara, a wani daji guda da aka yarda da lafiyarshi, kuma ba a son taro mai yawa. Sai shugabansu, wani dattijo da suke kira Sarkin Dawa, ya kawo dabarar kati. Kore na fitar fari, da kaka. Ja na fitar ƙarshe, da bazara. Mutum ɗaya kati ɗaya, ba roƙo, ba sanayya.

Duk wanda ya san daji ya san bambancin. Da kaka nama yana da ƙiba, iska da daɗi, amma ciyawa ta fi mutum tsawo, kuma ko'ina akwai ruwa, saboda haka dabbobi a warwatse suke. Sai ka wuni kana tafiya barewa na kwance kusa da ƙafarka ba ka sani ba. Da bazara kuwa rana kamar ta dafa ƙwaƙwalwa, nama ya rame, amma shanu sun cinye ciyawa, daji ya yi fili, tafkuna duk sun ƙafe sai ɗaya ko biyu. Ka samu inuwar sabara kusa da ruwa ka zauna, barewa da ƙafarta za ta kawo kanta. Ko ni da ban san komai ba sai sitiyari, in aka ba ni bindiga da bazara ina jin zan yi abin kirki.

A daidai lokacin ne likita ya duba Babaji ya ce yanar ido ta fara rufe mashi idon dama, idon da yake saiti da shi. Dije da 'ya'yanta suka yi taro a kanshi suka yanke hukunci: bana ce shekararshi ta ƙarshe a daji. Ya yi faɗa, ya yi fushi, ya ƙi cin tuwo, Dije ta ɗauke kwanonta ko a jikinta. Daga baya ya sauko ya yarda. Ke nan fita ɗaya ta rage mashi a duniya, kuma kowa ya san wane kati ya kamata ya ɗauka.

Sai kuma Joseph ya yi ritaya. Ya ce zai kwashe iyali su koma garinsu kafin Kirsimeti, ya riga ya gama rufin ɗan gidan da ya daɗe yana ginawa. Fitar bazara ba da shi ba. In zai yi sallama da dajin Katsina, sai dai da koren kati.

Joseph da kanshi ya zo rumfar Babaji, ina zaune a kan buhu ina jiran lodi. Bayan sun gama gaisuwarsu mai tsawo, an tambayi Maman Gloria, an tambayi Dije, an tambayi yara da jikoki da ciwon gwiwa, sai ya ce, "Malam Babaji, ja za ka ɗauka. Kada ka duba ni."

"Wa ya ce maka ina dubanka?" in ji Babaji. "Ni da kaka kasuwa nake ci. Ka ga layin nan? Sabon gero na shigowa, in bar rumfa in tafi yawon ciyawa? Ja zan ɗauka, dama can ja na yi niyya."

"Madalla. Haka nake so."

"Kuma ni ƙarangiyar kaka ba ta yi mani ba."

"Na ji, mutumina."

"Ga macizai."

Na ce, "Kai Babaji, an ce an ji! Wa ke musu da kai ne?"

Ya je ya karɓi jan kati, ya sa a cikin hula. Dije ta yi murna, ni ma na yi, na ce to a ƙarshe dai ƙaton kan nan ya yi aiki. Sai dai tun daga ranar awonshi ya rikice. A ce gero ya auna dawa, a ce tiya biyu ya zuba uku. Duk wanda ya tsaya a rumfar sai ya tsare shi da bayanin dalilin da ya sa ja ya fi kore, alhali mutumin gishiri yake tambaya inda ake sayarwa.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne maganar wuƙa. Joseph dai ba zai shiga daji ba mai yanka a bayanshi ba, saboda haka Sarkin Dawa ya haɗa shi da Siddiq, wani mahauci daga Ƙofar 'Yandaka, mutumin kirki, wanda yanka ne abincinshi tun yana saurayi. Ni na kai wa Babaji labarin, kuma na yarda da gangan na kai, don in ga fuskarshi. Ya ajiye tiya a hankali.

"Siddiq? Siddiq mai tumbi?"

"Shi fa."

"Siddiq ne zai bi Yusufu a cikin ciyawa?"

Kafin in amsa ya kama hanyar layin mahauta, ni kuma ina biye, don irin wannan kallo ba a ba da labari. Ya yi sallama, suka gaisa, ya ce wa Siddiq don Allah ya ga wuƙar da zai shiga daji da ita. Siddiq ya miƙo. Wallahi wuƙar nan ko aski sai a yi da ita. Babaji ya juya ta, ya gwada a gashin hannu, gashi ya zube, shi kuwa ya girgiza kai ya ce, "Wannan da ita da ludayi duk ɗaya. Kuma Malam Siddiq, ba don raini ba, yanka a kwata daban, yanka a daji daban. A kwata an ɗaure maka. A daji gudu ake yi. Kafin ka kai tumbin nan wurin, barewa ta yi mushe, an ja wa mutane asara."

Siddiq ya yi dariya ya ce, "To Malam Babaji, ai sai ka zo ka yi da kanka."

"Ai dole! Don tausayin dabba, ba don komai ba."

Daga nan gidan Sarkin Dawa ya zarce, ya ajiye ja ya ɗauki kore. Dattijon ya ja mashi kunne, ya ce in ya canza ya canza ke nan. Ya ce ya ji. A hanya na sauke mashi kwandon masifa. Na ce kai wane irin mutum ne? Shekara nawa kana kukan barewa, an kawo maka ita har bakin tafki, ka ce a'a sai ciyawa? Na ce idonka ɗaya ya tafi, ɗayan ma na hanya, me za ka gani a cikin gamba? Raina ya ɓaci da gaske, don ina son in ga ranar da za a ce ɗan Kawu Nuhu ya kayar da barewa, ko don in samu sabon abin tsokana. Shi dai tafiya yake yi yana cewa wuƙar Siddiq ba ta da kaifi.

Ranar fita, bayan sallar asuba na loda su. Maman Gloria ta aiko da ƙullin gyaɗa da dankali, Dije ta aiko da fura. Da muka isa, masu karnuka suka bazu ta yamma da hayaniyarsu. Joseph shi ba ya farauta da kare, sanɗa yake yi, don haka su biyu suka nufi wata fadama ta gabas. Ni da na saba kwanciya a ƙarƙashin mota, ranar na kulle ta na ɗauki jarkar ruwa na bi su. Na ce wannan fita ba za a ba ni labarinta ba.

A bakin fadamar Joseph ya tsaya ya ce, "Malam Babaji, yau za mu juya. Kai ne gaba, ni ne baya. Duk abin da ya tashi naka ne. Ni na ƙoshi."

"Haba Yusufu, fitarka ce ta ƙarshe."

"Taka ma ta ƙarshe ce. Wuce gaba."

Babaji ya sauke bindiga daga kafaɗa, ya duba albarushi, ya yi bisimilla ya wuce. Ba ka ga tafiyar ba! Mutumin da ya shekara ashirin yana kallon ƙeyar wani, yau an ce ya kalli daji. Kowane ɗan taki sai ya waiga, Joseph ya nuna mashi gaba da baki. Ciyawa kuwa ta rufe shi ruf, hularshi kawai nake hange tana yawo. Ƙarangiya ta mayar da wandona kamar bushiya, ina tafe ina tsine wa koren kati da wanda ya ƙirƙiro shi.

Muka yi ta tafiya har rana ta take. Zomo ya tashi, suka ƙyale shi. Fakara ta tashi, ni kaɗai na firgita. Muka zauna gindin wata tsamiya, ni da Babaji muka yi azahar, Joseph na gefe yana ɓare gyaɗa, sannan aka sha fura. Suka yi ta tuna tsoffin fitoci, wane kare ne ya fi wane, wace shekara ce mota ta kafe a rairayi, wai laifina ne. Na ce in sun ƙara ambaton wannan magana da ƙafa za su koma Katsina.

Wajen la'asar muka iso inda shanu suka tattake ciyawa, wuri ya ɗan yi fili, ga kalgo nan da can. Joseph ya ɗaga hannu, muka daskare. Sai ga shi ya miƙe daga gindin kalgo. Namijin barewa ne, cikakke, ja-ja-jir da ƙiba, ƙahonin nan sun lanƙwasa. Kusa fa! Ko takalmi na jefa sai na same shi. Iska daga wurinshi take busowa, bai ji warinmu ba, ya tsaya ya ba mu gefe yana karkaɗa kunne. A duk shekarun da na yi ina kai mutane daji, ban taɓa ganin barewa ta yi wa maharbi irin wannan tsayuwa ba, balle da kaka.

Joseph ya sauke bakin bindigarshi ƙasa a hankali, ya ja baya. Na ce yau dai an gama, Allah ya kawo. Na dubi Babaji.

Jama'a, bindiga tana kafaɗarshi a rataye! Yaushe ya mayar da ita, shi ma bai sani ba. Ya duƙa, ƙafa ɗaya a gaba, wuƙa tsirara a hannun dama, idonshi a kan wuyan barewa, yana jiran ƙarar harbi ya kwasa a guje.

"Harba," in ji Joseph, can ƙasan maƙoshi.

"Harba mana," in ji Babaji, bai ko waiga ba.

"Kai za ka harba!"

"Yusufu, za ta tafi, me kake jira?"

"Malam Babaji, dubi hannunka!"

Ya duba. Ya ga wuƙa. Ya buɗe baki. Ya fara kiciniyar sauke bindiga da hannun hagu, igiyar ta sarƙe da hula, hula ta faɗi. Barewa ya juyo ya kalle mu ɗaya bayan ɗaya, ya kaɗa ɗan wutsiyarshi, ya yi tsalle biyu, ciyawa ta haɗiye shi.

Ni na fara magana, kuma abin da na faɗa ba zai maimaitu ba. Na yi jifa da jarka. Na ce ku biyun nan Allah ya haɗa ku, ɗaya ya ƙi harbi don kara, ɗaya ya manta yana da bindiga! Joseph kuwa dariya ta kama shi. Mutumin da ba ka cika jin muryarshi ba, sai ga shi zaune dirshan a ƙasa yana riƙe ciki, yana nuna Babaji yana cewa, "Wuƙa! Wuƙa ya zaro!" Babaji ma ya fashe, ya zube kusa da shi, suna ta dukan kafaɗar juna. Suka yi ta yi har na fara jin haushin dariyar. Can sai na lura ta canza. Joseph ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunshi na rawa, kuma ba dariya ba ce. Babaji ya mayar da wuƙa kube, ya ɗauki hula yana karkaɗewa, yana ta karkaɗewa alhali ba abin da ya rage a jikinta. Tausayinsu ya kama ni, na tafi neman murfin jarkata.

A mota da za mu dawo labari ya riga ya zaga. Masu karnuka sun samo zomaye da gada ɗaya, amma ba wanda ya kula da su, kowa Babaji yake kwaikwayo, a duƙe da wuƙa. Su biyun kuwa musu suka yi tun daga daji har Ƙofar Marusa, kowa na cewa laifin ɗan'uwanshi ne.

Da Kirsimeti ta matso, ni na ɗauki kayan su Joseph zuwa garinsu. Da safe Babaji ya zo ɗaurin kaya, ya kwance duk igiyar da na ɗaura ya sake ɗaurawa, wai ban iya ba. Dije da Maman Gloria suna ciki suna kuka ba ɓoyo. Su mazan kuwa hannu suka yi, suka daɗe ba su saki ba. Joseph ya ce, "Sai ka zo." Babaji ya ce, "In Allah ya yarda. A gaida mutanen gida." Na tayar da mota. A madubi na gan shi tsaye a tsakiyar layi har na sha kwana.

Bazara ta zo da zafinta. Ana saura 'yan kwanaki fitar ƙarshe, Sarkin Dawa ya aika a kira ni. Ya ce ɗaya daga cikin masu jan kati ya yi targaɗe, gurbi ya samu. Ya ce shi ya kafa doka mutum ɗaya kati ɗaya, amma ya tara maharba ya tambaye su, ba wanda ya yi musu: a ba Babaji. Ya ƙara da cewa waɗanda suka je duba daji sun ga sawun barewa kaca-kaca a bakin tafkin da ya rage. Na biya ta wurin Dije, na yi mata daɗin baki har ta ce to, wannan ɗaya kawai. Na nufi kasuwa ina tafe kamar ni aka yi wa kyautar.

Na same shi yana auna wa wata mata gero. Na jira ta tafi, na ajiye mashi katin a kan buhu. Na ce, "Ga shi, ƙaton kai. Ja ne. Sarkin Dawa ya yarda, Dije ta yarda, barewa ma tana can bakin ruwa tana jiranka. Wannan karon ni zan riƙe wuƙar, in ga abin da za ka zaro."

Ya ɗauki katin, ya kawo shi kusa da idon hagu, ya juya shi gaba da baya. Na san yana so. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kama hannuna, ya sa mani katin a tafi, ya naɗe yatsuna a kai.

"Ka yi wa Sarkin Dawa godiya. A ba wani."

"Babaji, kana hauka ne? Barewa fa! Abin da ka yi rayuwarka kana nema!"

"Na sani."

"To mene ne?"

"Yahaya," ya ce, "in na harbe ta, ta faɗi, na waiga baya, wa zan gani? Kai?"

Tun muna yara in ya zage ni ban taɓa barin ta kwana ba. Ranar kuwa sai na sa katin a aljihu na juya. A duk zagin da Babaji ya taɓa yi mani, wannan ne kaɗai ya yi mani ciwo, kuma ba don kaina ba.